Raya Dare da Haƙƙin Ido

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara na 'yan'uwa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya wadatu daga buƙatar hutu, Ya kuma ɗora wa bayinSa buƙatarsa don jin ƙai gare su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

 Ba matsayina ba ne in yi magana a gaban manya, sai dai umarni aka yi mini, kuma an karantar da mu cewa bin umarni yana gaba da ladabi.

Abin da aka ce in yi magana a kansa wata al'ada ce da ke yaɗuwa tsakanin samarinmu, musamman a kwanakin taro irin wannan da lokacin halwa. Sai ka ji yaro yana ce wa ɗan'uwansa: ni yau kwanana uku ban runtsa ba. Ɗan'uwan ya ce shi nasa huɗu ne. Suna faɗa suna murmushi, kamar masu ƙirga dukiya. Wasu har sun ɗauka fatahi yana ɓoye ne a bayan dare na uku ko na biyar, duk wanda ya jure ya kai can zai tarar da shi.

Babu mai buƙatar in gaya masa falalar dare a cikin wannan taro. Malaman wannan hanya, tun daga Abu Ɗalib al-Makki mai Ƙutul Ƙulubi har zuwa Imamul Gazali mai Ihya'u, sun ambaci abubuwa huɗu da muridi yake tsare kansa da su: yunwa, da sahar, wato rage barci, da shiru, da kaɗaita. To amma mene ne sahar ɗin, kuma ina iyakarsa?

An kai wa Manzon Allah (S.A.W.) labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (R.A.), cewa yana azumi kullum, yana kuma tsayuwar dare gaba ɗaya. Bai yaba masa ba. Ya hana shi, ya sanar da shi cewa idan ya ci gaba idonsa zai zurma, ransa ya gaji, kuma jikinsa da idonsa da matarsa kowane yana da haƙƙi a kansa. Abdullahi ya yi ta roƙon a ƙara masa, da ya tsufa kuwa sai ya riƙa burin ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Haula 'yar Tuwaitu, wadda aka ce ba ta barci da dare, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna bai ji daɗin haka ba. Wata rana kuma ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainabu ce, takan riƙe ta idan ta gaji da tsayuwa, sai ya ce a kwance ta. Tsayuwar da ya ce Allah Ya fi so ita ce ta Annabi Dawuda (A.S.): barci rabin dare, salla sulusinsa, sannan a sake kwantawa sudusinsa. Ku lissafa da kanku, 'yan'uwa. Kashi biyu cikin uku na wannan dare barci ne. Uwar Muminai A'isha (R.A.), wadda ta fi kowa sanin darensa, ta ce ba ta san ya taɓa tsayuwar dare guda cur har wayewar gari ba.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce: to magabatan da aka ruwaito sun shekara arba'in suna sallar Asuba da alwalar Isha'i fa? Amsa ita ce, waɗannan bayin Allah dare suke rayawa, ba barci suka sake gaba ɗaya ba. Gazali da kansa, inda ya kawo labarinsu, ya jera abubuwan da ke taimakon mai son tsayuwar dare, a ciki har da kada ya cika ciki, kada ya wahalar da kansa da aikin rana, kuma kada ya bar ƙailula. A cikin Bidayatul Hidaya ma ya yanke wa almajiri awa 8 na barci tsakanin dare da rana, ya ce kada ya wuce nan. Mai raya dare yana ɗauke barcinsa ne daga wani lokaci ya kai shi wani, yana rage shi kaɗan-kaɗan da izinin shehunsa, shekara da shekaru. Wanda ya haɗa yini da dare da yini da dare ido biyu, wani abu dabam yake yi, kuma ban ga sunansa a cikin rukunan nan huɗu ba.

Yanzu bari mu duba abin da likitoci suka gano, domin hikima kayan mumini ne, duk inda ya gan ta ɗauka yake yi.

Tun daga lokacin da mutum ya farka, akwai wani sinadari mai suna adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kamar yadda toka ke taruwa a murhu muddin wuta na ci. Yawansa ne ke kawo nauyin ido, barci ne kuma ke kwashe shi. Goro da shayi da gahawa duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, shi kuwa ba ya kwashe tokar nan, sai dai ya toshe wuraren da ƙwaƙwalwa ke jin ta da su. Bashi yana nan, mai binsa kawai aka rufe wa ƙofa. Gahawar ma, ta hannun sufayen ƙasar Yaman ta yaɗu a duniya, wajen ƙarni na 9 na Hijira, suna sha don su ji ƙarfin zikirin dare. Ba mu ga laifinsu ba. Dare guda suke nema da ita, ba mako ba.

A shekarar 1959, wani ma'aikacin rediyo a birnin Niyu Yok na Amurka, mai suna Peter Tripp, ya yi awa 201 ba barci, a cikin wani ɗakin gilashi a tsakiyar gari, likitoci suna lura da shi. Da kwanaki suka miƙa sai ya fara ganin gizo-gizo a cikin takalminsa, daga baya ya ɗauki wani likita da ya zo duba shi a matsayin mai haɗa gawa da ya zo binne shi. A ƙarshen 1963 kuma wani ɗan makaranta mai shekara 17 a Kalifoniya, Randy Gardner, ya fara nasa, ya kai kwana 11, wato awa 264, har cikin Janairun 1964. Tun wajen kwana na huɗu ya ga allon bakin titi ya zame masa mutum, ya kuma yarda a ransa cewa shi wani shahararren ɗan wasan ƙwallo ne. A rana ta ƙarshe aka ce ya riƙa ɗebe bakwai-bakwai daga 100. Da ya kai 65 sai ya yi shiru. Aka tambaye shi dalili, ya ce ya manta abin da aka sa shi yi. Yaron bai mutu ba. Ya kwanta ya yi barcin kusan awa 15, hankalinsa ya dawo. Sai dai da girma ya zo masa ya yi fama da rashin barci mai tsanani na shekaru, kuma shi da bakinsa ya danganta shi da abin da ya yi yana yaro. Masu kundin bajinta na Guinness, waɗanda ke rubuta kowace irin kasada, sun daina karɓar wannan gasa tun 1997 saboda haɗarinta.

Dabbobi kam ba su tsira ba. A Jami'ar Shikago, cikin shekarun 1980, Allan Rechtschaffen da abokan aikinsa sun hana ɓeraye barci kwata-kwata. Ɓerayen suka riƙa cin abinci fiye da yadda suka saba amma suna ramewa, gyambo ya fito musu a ƙafa da wutsiya, zafin jikinsu ya sauka, kuma tsakanin kwana 11 zuwa 32 duk suka halaka.

Ga wurin da nake roƙon samari su buɗe kunne. A shekarar 2018 wasu masana suka tattara bincike 21 da aka yi kan mutane 760 masu cikakkiyar lafiya waɗanda aka hana barci, sai suka ga abin yana tafiya kan tsari kusan iri ɗaya. A kwana na farko zuwa na biyu ido yana fara gizo: bango yana motsi, abu yana canja girma ko launi, mutum ya zama mai saurin fushi da fargaba, lokaci ya rikice masa. Bayan kwana biyu gane-gane da jiye-jiye suke fara bayyana sosai, ya ga mutanen da babu su, ya ji ana kiran sunansa, ya ji kamar ya fita daga jikinsa yana kallon kansa. Bayan kwana uku kuwa sai ya fara gaskata abin da babu shi, ko dai cewa ana ƙulla masa makirci, ko cewa shi wani babban mutum ne. Mafi yawansu barci ne ya warkar da su.

Ku dubi wannan jeri da idon basira. Haske, da murya, da ganin mutane, da barin jiki, da jin an kai wani muƙami. Waɗanda aka yi binciken a kansu ba wuridi suke ja ba, ba halwa suka shiga ba, da yawansu ma ba su san alƙibla ba, amma sun ga abin da yaronmu yake gani a darensa na uku ya zo yana rawar jiki yana cewa an yi masa fatahi. Ba ina musun kashfi ba ne, Allah Ya tsare ni, ba kuma ina musun karamar waliyyai ba. Abin da nake cewa shi ne, duk abin da kafiri da fasiƙi za su samu ta hanyar hana ido barci kawai, ba zai zama hujjar kusanci ga Allah ba. Malamanmu sun raba abin da ke ɗarsuwa a zuciya gida huɗu: na Ubangiji, da na mala'ika, da na rai, da na shaiɗan, kuma rarrabe su yana buƙatar ilimi da lafiyayyen hankali. Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ga haske ya cika sararin sama, ya ji murya tana halatta masa abin da aka haramta, nan take ya gane la'ananne ne, kuma iliminsa na shari'a ne Allah Ya tserar da shi da shi. Shehu Abul Hasan Shazali kuma ya yi wa almajiransa wasiyya cewa idan kashfi ya saɓa wa Littafi da Sunna, a riƙe su a saki kashfin. To wanda ya kasa ɗebe bakwai daga 65, da wane ma'auni zai auna abin da ya gani?

Mu a ƙasar Hausa muna da kalma a kan wannan. Mukan ce wane ya zautu, mu ce wuridi ne ya fi ƙarfinsa, ko ya ja shi ba izini. Akwai gaskiya a ciki. Amma in za a bincika a tsanake, sau da yawa za a tarar kafin zautuwar an yi kwana da kwanaki babu barci, babu abincin kirki. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san cewa rashin barci yana tayar da ciwon da ke kwance. Akwai masu lalurar da ke sa mutum wani lokaci ya shiga baƙin ciki mai zurfi, wani lokaci kuma ya cika da zumuɗi da yawan magana da ganin girman kansa. Dare ɗaya ko biyu ba barci ya isa ya tayar musu da ita, kuma alamarta ta farko ita ce mutum ya ce shi ba ya jin barci sam, ƙarfi ma yake ji. Jama'a su yi ta sha'awar himmarsa, alhali asibiti yake buƙata. Haka mai farfaɗiya: rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke kayar da shi. Idan aka haɗa da ƙwayar tiramol, wadda wasu ke haɗiya don su jure tsayuwa, ita kanta tana jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Wanda ya sha abin maye don ya raya dare, ban san me ya raya ba. Masu hawan jini da ciwon sukari su ma su sani rashin barci yana ɗaga jini, yana kuma dagula yadda jiki ke sarrafa sukari.

Akwai kuma wani abin mamaki da mai ƙin barci yake mantawa. Mafarki nagari, wanda hadisi ya ce yanki ne cikin yanki 46 na annabta, a cikin barci yake zuwa. Mutum ya kulle ƙofar da aka yi masa alkawari, ya koma yana leƙen tagar da ba a ce masa komai a kanta ba.

Sai batun ingancin ibadar kanta. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla da ya je ya kwanta, domin yana iya nufin neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Ayar Suratun Nisa'i da ta hana kusantar salla cikin maye, an ruwaito daga Dahhaku cewa mayen barci ake nufi, ko da yake mafi yawan masu tafsiri sun tafi a kan mayen giya. Abin sha'awa, a shekarar 1997 masu bincike biyu a ƙasar Ostiraliya, Dawson da Reid, suka auna mutum 40, wani lokaci bayan an ba su giya, wani lokaci bayan an hana su barci. Suka tarar wanda ya yi awa 17 a farke, hannunsa da idonsa sun yi rauni daidai da wanda giya ta kai ma'aunin 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda ya cika awa 24 kuwa ya kai kimanin 0.10, abin da ya zarce iyakar da dokokin ƙasashe da yawa suka yanke wa direba. Allah Ya ji ƙan Dahhaku.

A Ishmawi da Iziyya mun karanta tun muna yara cewa barci mai nauyi yana warware alwala, dogo ne ko gajere, kuma masu sharhi suka ce alamarsa ita ce abu ya faɗi daga hannunka ba ka sani ba, ko a ɗaga murya kusa da kai ba ka ji ba. Likitoci sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar da aka hana barci takan saci barcin da kanta, na daƙiƙa biyu ko biyar ko goma, wani lokaci ido a buɗe, mai ita bai sani ba. Da ma Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne. Sau nawa carbi ya suɓuce daga hannun mai kwana uku, ya sunkuya ya ɗauka, ya miƙe ya yi sallar Asuba da alwalar nan? Ya tsare nafila, farillarsa kuma tana cikin shakka.

Mafi munin abin shi ne mai shi ba ya ganewa. A wani bincike da aka buga a 2003 daga Jami'ar Fensilbaniya, an taƙaita wa wasu mutane barci zuwa awa 6 kullum har dare 14. A ƙarshe natsuwarsu ta lalace kamar ta wanda ya yi dare ɗaya ko biyu cur bai kwanta ba, amma da aka tambaye su sai suka ce ɗan barci kaɗan kawai suke ji. Ga kuma wata yaudara: jiki yana da agogonsa da ke tashin mutum idan gari ya waye, shi ya sa wanda ya kwana zaune yakan ji ya wartsake da hantsi, ya ce ai barcin ya wuce. Bai wuce ba. Yana jiransa bayan Azahar, ko a sulusin dare na ƙarshe.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato hanya. Idan an shafa fatihar rufe taro, motoci za su ɗauki hanyar gida, wasu tafiyar yini guda, wasu har da tsallaka iyaka. Direbobinmu kuwa 'yan'uwa ne masoya, ba su yarda a bar su a baya ba, tare da mu suke kwana a wajen zikiri da bege. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Idan barci ya sace direba na daƙiƙa 4 kacal, ta yi fiye da mita 100 babu mai tuƙa ta, ga rayuka 18 a ciki, ga tirela tana tahowa. Sauke gilashi, da tauna goro, da ƙara sautin ƙasida, duk ba sa hana wannan sata.

Kada wani ya ce albarkar Shehu za ta tsare. A kan hanyar dawowa daga Haibara, a shekara ta 7 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) yana tafiyar dare da rundunarsa, da barci ya fara kama shi sai ya tsaya aka yada zango. Ya ɗora wa Bilalu (R.A.) tsaron alfijir. Bilalu ya yi sallar da Allah Ya nufe shi da yi, ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, sai ido ya rinjaye shi, babu wanda ya farka sai da rana ta dake su. Wannan Bilalu ne, da niyyarsa da himmarsa, kuma a kusa da Fiyayyen Halitta. Wane direba ne a cikinmu ya fi shi albarka? Ku lura kuma da abin da Shugaba ya yi da ya ji barci: tsayawa ya yi.

Saboda haka, da izinin Maulana Halifa, ina roƙon muƙaddamai abu kaɗan. Kowace zawiya ta san direbanta, ta keɓe masa wurin kwana nesa da lasifika a daren ƙarshe, kada a ba shi makulli sai ya yi barcin awa 7 ko 8. Ladan zikirin da ya rasa yana nan cikin hidimar da zai yi wa 'yan'uwa. Idan barci ya taso masa a hanya, ya sauka gefe ya kwanta ko na minti 20, fasinja kuma kada su tsangwame shi. Masu hidimar girki da tsaro da ɗiban ruwa a raba su kashi-kashi, wasu na aiki wasu na kwance. Kada a yi wa kowa izinin halwa sai an tambaye shi ko yana da farfaɗiya, ko an taɓa samun taɓin hankali a gidansu, ko yana shan wani magani, sannan a yanke masa lokacin barcinsa kamar yadda ake yanke masa adadin wuridinsa. Idan kuma yaro ya zo muku idonsa jawur yana ba da labarin abin da ya gani, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku yi masa bushara. Ku tambaye shi yaushe rabonsa da barci. Ku ba shi abinci, ku sa shi ya kwanta, wani ya zauna kusa da shi, in ya tashi a saurari labarin. Idan barcin ya ƙi zuwa, ko ya farka yana ci gaba da sambatu, a kai shi wurin likita a ranar, ana yi masa addu'a a hanya.

Allah Ya karɓi ziyararmu, Ya ƙara wa Maulana Halifa lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.